Godiya ga duk wanda ya sa hannu a zaman fim da labaran kimiyya na Mabera

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, zaman kallon fim da karatun ƙagaggun labaran kimiyya da muka yi a unguwar Mabera da ke Sakkwato ƙarshen makon jiya ya tashi lafiya, kowa ya koma gida lafiya. 'Yan'uwana da muka shirya shi tare ni suka ɗora wa rubuta godiya, wai don na fi kowa surutu idan ana zancen fim. Ban musa ba. Sunaye ne dai ba zan kama ba, domin waɗanda suka fi shan wahala su ne suka fara roƙona kada in ambace su. Kowa zai gane kansa, yaba kyauta kuwa tukwici.

Da shugaban makarantar da ya ba mu fili zan fara. Ko sisi bai karɓa ba, ya kuma sa aka fito mana da bencina daga azuzuwa. Sai limamin unguwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Da muka je gaishe shi muka faɗi abin da ke tafe da mu, sharaɗi uku ya ba mu: a fara bayan Isha'i, mata su zauna gefensu, sannan ya ga abin da za a nuna kafin a nuna wa yara. Muka kai masa a waya ya duba. Ranar zaman sai ga shi da kansa da dardumarsa, bai tashi ba sai da aka shafa fatiha. Mai majigin da ya ara mana, da maƙwabcin da ya jawo janaretansa ya zuba mai daga aljihunsa, da kafintan da ya ɗaure farin ƙyallen da iskar hunturu ta yi ta neman tafiya da shi, Allah ya saka muku da alheri.

Fim ɗin da muka buɗe da shi tsoho ne tukuf. Wani Bafaranshe mai suna Georges Méliès ya yi shi a 1902, labarin wasu masana taurari da suka tafi duniyar wata. Ba ya da magana, kuma mintuna goma sha wani abu ne kawai. Da gangan muka zaɓe shi, don matasa su ga abin da aka yi da allunan fenti da dabarar kyamara shekaru fiye da 120 da suka wuce. Tun da ba magana a ciki, sai wani ɗan'uwanmu, malamin firamare daga Runjin Sambo, ya riƙe makirfo yana ba da labarin yadda yake gudana. Malam, ban san kana da wannan baiwa ba. Lokacin da aka cusa masanan cikin wani ƙaton harsashi aka harba su da igwa, harsashin ya je ya cake a idon wata, yadda ka ce "wayyo idona" da muryar tsoho ya sa yara suka riƙa faɗuwa daga kan benci don dariya.

Amma godiyata mafi girma ta wani dattijo ce, makaho, wanda jikansa ya jawo shi ya zaunar a layin gaba. Da farko na yi zaton rakiyar yaron ya yi. Ashe shi ne ya fi kowa bin labarin. A fim ɗin, da mutanen wata suka koro masanan, sai suka shige harsashinsu, aka jawo shi daga bakin wani tsauni, ya faɗo ƙasa ya auka cikin teku. Aka yi tafi. Baba ya ɗaga sandarsa ya ce, "Ku dakata, ɗiyana. Kun ce da igwa anka harba su. To can bisa wa ya aje musu wata igwa da ta maido su?" Mai ba da labari ya ce, "Baba, faɗowa sunka yi." Baba ya ce, "Awo. In haka na, mi ya hana watan shi kansa faɗowa?"

Wurin ya yi tsit, sannan aka fashe da dariya. Mu masu ido hoto ya ɗauke mana hankali, mun ga harsashi ya faɗo mun yarda. Shi da ba ya ganin hoton, zaren labarin kaɗai yake riƙe da shi, nan take ya ji inda ya tsinke. Na daɗe ina gardama da abokaina cewa abin da ke riƙe mai kallo a fim labari ne, siddabarun kwamfuta ado ne kawai, ban taɓa samun hujjar da ta kai wadda Baba ya ba ni a daren nan ba.

Tambayar tasa ce ta tayar da malamin kimiyyar da muka gayyato, wanda ya zo da takardun jawabi amma ya ajiye su. Ya ce Baba ya yi gaskiya, ba a faɗowa daga wata, domin shi ma yana da ƙarfin da yake jan abu zuwa gare shi, kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin duniyarmu. Kafin abu ya kuɓuce masa sai ya yi gudun kusan kilomita 2.4 a daƙiƙa ɗaya, ita kuwa duniya sai ya kai kilomita 11.2. Watan kuma bai faɗo mana ba ne saboda gudun da yake yi yana kewaya duniya, a nisan kusan kilomita 384,000. Ya ƙara da cewa duk wanda aka harba da igwa da irin wannan gudu, tun bai fita bakinta ba ya zama gawa. Shi ya sa a watan Yulin 1969, da Amurkawa suka tura kumbon Apollo 11, ƙaramin kumbon da ya sauke Neil Armstrong da Buzz Aldrin ya tafi da injinsa na tasowa, Michael Collins kuma yana kewaya watan yana jiransu. Wani dattijo daga baya ya ce shi fa har gobe bai yarda an je ba. Malam ya ce, "Alhaji, a bar wannan sai zama na gaba," aka wuce.

Abin da ya fi burge ni a bayanin Malam shi ne bai raina marubutan da suka yi kuskure ba. Ya ce dabarar igwar nan tana cikin littafin da Jules Verne ya fitar a 1865, kuma duk da igwar ba za ta yi aiki ba, mutumin ya zauna ya yi lissafi, ya sa matafiyansa su uku, ya kafa igwarsa a Florida. Bayan shekara 104, mutum uku ne suka tashi, daga Florida kuma. Ya nuna mana dish ɗin da ke kan rufin gidan da ke kallon makarantar, ya tambayi yara me ya sa ba a juya shi kamar yadda rana ke juyawa. A 1945 Arthur C. Clarke, marubucin irin waɗannan labarai, ya wallafa maƙala yana bayanin cewa idan aka ajiye tauraron ɗan'adam a nisan kusan kilomita 36,000 a saman layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, zai riƙa kewayawa daidai da juyawarta, sai ya zama kamar a tsaye yake. Ƙwallon da matasanmu ke kallo a gidajen kallo ta wannan hanya take iso mana. Malam, mun gode, ka yi mana darasin da ba mu biya ba.

Ina kuma miƙa godiya ga Hajiya, tsohuwar malamar Hausa da ta yi ritaya, wadda ta zo da wani littafi a naɗe cikin leda, bangonsa duk ya sha jiki. Tauraruwa Mai Wutsiya ne na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da aka sauka a wata. Labarin yaro ne da aka ɗauka aka yi yawo da shi sararin samaniya. Da yawa cikin matasan wurin ba su taɓa jin sunansa ba, sun ɗauka irin wannan rubutu sai Turawa. Hajiya ta ce musu, "Ku da kuka tashi da Gizo da Ƙoƙi, wa zai koya muku ƙaga abin da babu?" Ta bar littafin ya zaga hannu hannu, ni kuwa gabana na ta faɗuwa kada wani ya yage shafi.

Sai matasan da suka karanta nasu labaran. Tsayuwa gaban jama'a da rubutunka ba ƙaramin abu ba ne, balle a garin da kowa ya san gidanku. Wasu labaran, gaskiya, Amurka ce aka sa wa hula: sunayen Hausawa, amma tunani da tsoro duk na fina-finan waje. Ba laifi, da kwaikwayo ake fara koyo. Guda biyu ne suka tsaya mini a rai. Wata ɗaliba ta rubuta Sakkwato ta shekaru masu zuwa, Gulbin Rima ya ƙafe, madatsar Goronyo ta zama filin yashi, ruwa sai da kati ake saye, wani mai ga-ruwa kuma ya gano cewa katin unguwarsu ana rage masa awo. Ba kumbo, ba baƙin halittu, amma ba wanda ya yi tari har ta gama.

Ɗayan kuwa yaro ne ɗan sakandare. A labarinsa an ƙera na'urar da ba ta kuskuren ganin jinjirin wata. Daren 29 ga Sha'aban hazo ya rufe gari, ba mahalukin da ya ga komai, na'ura ta ce ta gani. Mai kula da ita, tsoho ne mai tsoron Allah, shi zai yanke ko ya kai labari ko ya yi shiru. A garin da ƙasa duka ke kasa kunne ta ji sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, kun san yadda wannan labari zai zauna a zukata. Na saci kallon Liman ina jiran ya ɓata rai. Sai ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya da shaidar adilai biyu ake tabbatar da wata, ko ganin jama'a masu yawa, in ba a samu ba a cika talatin, kuma ya ji daɗi da yaron bai mai da kansa mai fatawa ba, ya tsaya kan halin da tsohon ya shiga. Ya ce masa, "Ɗana, ka zo gida in nuna maka babin, don in za ka gyara ka gyara da sani." A wurina wannan ne labarin da ya fi kowanne a zaman. Ya kafa dokarsa tun farko, na'ura ba ta ƙarya, bai kuma karya dokar ba don ya sama wa kansa mafita.

A nan nake da ɗan ƙorafi ga masu shirya fina-finanmu na Hausa, biyu daga cikinsu sun halarta kuma mun gode musu. Kullum aka tambaye su me ya sa ba sa taɓa irin wannan fage, sai su ce kuɗi. Labarin yaron nan ɗaki ɗaya yake buƙata, da tsoho ɗaya, da akwati mai fitila. Abin da ya fi kuɗi wuyar samu shi ne marubucin da zai ƙulla matsala ya warware ta da abin da ya riga ya shuka a farkon labari, ba a wayi gari wani attajirin kawu ya dawo daga tafiya, ko mugu ya yi haɗarin mota ana saura minti biyar a tashi ba. Ɗaya daga cikinsu ya karɓi lambar mahaifin yaron. Allah ya sa abin ya wuce karɓar lamba.

Iyayenmu mata da suka aiko da kunun gyaɗa da masa, ban san yadda kuka ƙiyasta yawanmu ba, amma har masu gadi sun samu. Iyayen da suka amince suka bar 'ya'yansu mata suka zo, mun san nauyin amanar, kuma ina fata kun same su a gida kan lokacin da muka yi alkawari. 'Yan kabu-kabun da suka tsaya bakin ƙofa har aka tashi, suka kai mutane Gawon Nama da Arkilla ba su ƙara ko naira ba don dare, da 'yan sintirin unguwa, da mai unguwa da ya turo wakili, duk mun gode.

Waɗanda suka zo suka tarar bencina sun cika suka tsaya a ƙafa, da maƙwabtan da ƙarar lasifika ta hana barci da wuri, ku yafe mana. Matasan da suka karanta labari, kowa ya gyara nasa ya kawo wa Hajiya, ta ce za ta duba muku ƙa'idar rubutu kyauta, amma ba ta karɓar rubutun da aka yi da fensir. An kuma tsinci hula ɗaya da filas ɗin shayi, suna wurin mai gadin makarantar.

Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya jiƙan magabatanmu, ya ba Baba lafiya da nisan kwana. Jikan nasa ya ce a gaya mana tun da wuri idan za a sake zama, don Baba ya ce akwai sauran tambayoyi.

Wassalamu alaikum.