Rubutu da kanwa: abin da ɗakin masu jego ya koya mini

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin kabad ɗin magani in ajiye farin kaya. Ƙannena da muke aikin dare tare sun matsa sai na bar musu wani abu a rubuce. Ɗaura ruwa da awon jini makaranta ta koya muku, ba sai na maimaita ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne marar lafiya a Zariya da jama'arsa yake zuwa asibiti. Akwai gwaggo ko kaka da za ta shimfiɗa tabarma a baranda, akwai miji da sai ya ce "to" kafin a shiga tiyata, akwai kuma malamin unguwa da ba za ki taɓa ganinsa ba, amma saƙonsa yana cikin gora a ƙarƙashin gado.

Mu kanmu mun san da bazar wa muke rawa. Dangi ne ke sayo magani, su kawo abinci, su wanke zane, su zubar da fo, su zaga neman mai ba da jini. Ranar da suka janye hannu, nas biyu ba za su iya da gado talatin ba. Kuma ba don tsoronmu suke yi ba. Wanda ya taso daga Soba ko Makarfi ya biya kuɗin mota don ya ce "sannu, Allah ya sa kaffara ne", ibada ya zo yi. Tun yana yaro aka karantar da shi cewa gaida marar lafiya yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, ya kuma ji hadisin da Allah zai ce wa bawa ranar alƙiyama, "Na yi rashin lafiya ba ka gaishe Ni ba." In za ki rage cunkoso a ɗaki, ki rage, haƙƙinki ne, amma ki san abin da kike taɓawa.

Duk wadda ta yi aiki a ɗakin masu jego a garin nan ta san ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa: ƙafa ta kumbura, haki ya hana magana, mace ta kwana a zaune don in ta kwanta numfashi sarƙewa yake. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka bi ɗaruruwan matan da ciwon ya kama a nan Zariya, suka danganta yawansa da al'adunmu na jego: wanka da ruwa mai tsananin zafi safe da yamma har kwana arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya ƙaro wasu dalilai, har da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Abu ɗaya dai babu gardama a kansa: macen da zuciyarta ta riga ta gaza, kanwa guba ce gare ta, domin cike take da irin gishirin da ke riƙe ruwa a jiki.

Wata damina aka kawo mana yarinya daga wani ƙauye ta wajen Giwa, haihuwar fari, ba ta yi arba'in ba. Gida ta je wanka kamar yadda aka saba, kuma da yake ita ma 'yar fari ce, uwarta ko sunanta ba ta iya faɗa, sai gwaggonta ce ta biyo ta. Kumburin ya kai cinya. Da filo uku muka tokare ta, aka sa mata iskar oksijin, likita ya rubuta allurar fitar da ruwa, ya ce a riƙa auna duk abin da ya shiga cikinta da duk abin da ya fita.

Bayan isha'i na leƙa ƙarƙashin gado na ga fulas da wata ƙaramar gora a naɗe cikin ɗankwali. Ban taɓa ba. Na fita baranda, na cire takalmi, na zauna a bakin tabarmar tsohuwar, muka gaisa har da tambayar mutanen gida da damina.

Na ce, "Gwaggo, me aka kawo wa mai jegon?"

Ta ɗan yi jim. "Babu komai, 'yar nan. Ɗan rubutu ne Malam ya ba da, sai kunu don nono ya zo, sanyi kuma ya fita."

Na ce, "Rubutu kam Allah ya sa albarka. A gabana za ta sha, ni zan riƙe mata kofin. Kunun ne zan roƙe ki."

Na ja ta muka shiga. Na kama babban yatsanta na ɗora a ƙaurin yarinyar na ce ta danna. Ta danna, ta ɗaga, rami ya zauna ya ƙi tashi. Ta sake dannawa a wani wuri da kanta, tana kallo. Na ce mata wannan ruwa ne, kuma irinsa ne ya taru a ƙirji ya hana ta kwanciya. Allurar da muke yi kwashe ruwan take, kanwa kuma mayar da shi take, kamar mutum yana kwarfe ɗaki wani na tsaye yana zubowa ta taga. Ta ce, "To sanyin fa, Sista? Mu da shi muka ga iyayenmu." Ban ce mata babu sanyi ba. Muka daidaita a kan kunun gyaɗa ba kanwa, da goge jiki da ruwan ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki, da safa da bargo. Ta ɗauki fulas ɗin da hannunta ta miƙo mini, ta ce, "Amana ce, 'yar nan." Na sanar da likitan da ke aiki a daren maganar rubutun, ya ce muddin za a auna babu laifi. Na auna a kofin magani, yarinyar ta yi bismilla ta sha, na rubuta a takardar ruwa yadda yake: rubutu, mil 50.

Cikin 'yan kwanaki ƙafa ta fara saɓewa. Aka cire filo ɗaya. Ta fara ba jariri nono ba tare da ta tsaya hutawa ba, har tana yi mini tsiya wai abincin asibiti lami ne.

Ba zan kama sunan asibiti ba, ba zan kama sunan shugabar ɗakin ba. Masu shekaru a aiki sun san ta. Ba baƙuwa ba ce, haihuwar cikin birni ce, ta je Hajji, kuma ta iya aiki. Ranar da ta zo zagaye ta ɗauki takardar, idonta ya sauka a kan kalmar nan. A tsakiyar ɗaki, gaban marasa lafiya da ɗalibai, ta ɗaga murya: "Wace ce ta mayar mini da ɗaki tsangaya?" Na ce ni ce, na fara bayani, ta ɗaga mini hannu. Ta sunkuya ta zaro gorar, ta nufi wurin wanke hannu, ta tuntsurar da ita a magudanar da muke wanke jini da majina, ta sakar mata famfo. Gwaggo tana tsaye a ƙofa. Salati kawai ta yi, ta juya.

Kafin la'asar uban yarinyar da mijinta sun iso. Na roƙe su har da hawaye, na ce ko kwana uku su ƙara mana. Uban ya ce, "Malama, mun gode da ɗawainiya. Amma inda ake zubar da ayar Allah a kwata, 'yata ba za ta kwana ba." Suka dangwala yatsa, suka ɗauke ta. Likitan da ya amince mini a daren nan bai buɗe baki ba, kai ƙasa ya wuce. Ni aka ba takardar tuhuma, wai na shayar da marar lafiya abin da ba a rubuta ba, aka mayar da ni ɗakin wankin ciwo, ƙarin girman shekarar kuma ya wuce ni.

Ba a daɗe ba aka dawo da ita cikin dare a bayan a-kori-kura. An koma wanka, an koma kanwa, don a ganinsu duk abin da ya fito daga bakin asibiti ya zama abin zargi, har da nawa. Akwai saɓar ƙuna a bayanta. Ba ta ga asuba ba. Da labarin ya kai wa shugabar, cewa ta yi, "Kun ga abin da nake faɗa a kan mutanen ƙauye."

Na sha juya al'amarin nan a raina, kuma ina ƙoƙarin yi mata adalci. Ta ga abin da ya sa ta tsani duk wata gora. Ta ga ƙodar da jiƙe-jiƙe suka kashe, ta ga jaririn da jini ya ƙare masa bayan cire beli, ta ga yoyon fitsarin da yankan gishiri ya jawo. Irinsu sun taso ne a zamanin binciken Farfesa Kelsey Harrison, wanda ya bi haihuwa 22,774 a asibitocin Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya nuna yadda matan da ba su zo awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne suka fi mutuwa. Fushinta yana da tushe. Amma ta kasa bambance abin da ke kisa da abin da ke kwantar da hankali, ta haɗa su ta yi musu kuɗin goro. Ko a tsakanin malaman garin nan akwai saɓani a kan shan rubutu, na sani, kowa da hujjarsa. Sai dai bakin gadon mai haki ba wurin yanke wannan hukunci ba ne, kuma ba a ɗauke mu aiki don shi ba.

Dokarta ba ta hana komai shigowa ba, wannan ne abin da har yau yake ci mini rai. Sai dai aka koma ɓoyewa. Rubutu ya koma cikin butar alwala, jiƙo ya koma fulas ɗin shayi, ana ɗura wa marar lafiya ƙarfe biyun dare in an ga nas ta zauna. Takardar ruwa ta koma ƙarya, likita yana ƙara magani yana ragewa a kan lissafin da ba shi ne a cikin mutum ba. Gorar da aka nuna miki kina iya shinshinawa, ki tambayi abin da ke ciki, ki ce wannan a sha, wannan a dakata. Wadda aka ɓoye sai dai ki ga aikinta a fitsari. Ƙasar nan ma ta ɗanɗana irin wannan: bayan abin da gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau ya bari a zukata a Kano tun 1996, aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004, kuma ba da tsawa aka shawo kan mutane ba, sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba, har aka kai ga sanar da kawar da nau'in cutar na asali daga Afirka a watan Agustan 2020.

Da safe da aka zo ɗaukar gawar yarinyar, Gwaggo ta neme ni har ɗakin wankin ciwo. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ki sa wa ranki, 'yar nan, kwananta ne ya ƙare. Allah ya saka miki." Babu wanda ya kai ƙara, babu wanda ya zauna ya bincika yadda aka yi mai samun sauƙi ta bar gado. Imanin mutanenmu da ƙaddara gaskiya ne, shi ke riƙe su a tsaye ranar da ƙafa ba za ta ɗauka ba. Amma mu ma'aikata mun mayar da shi mafaka. Su ne ke da ikon cewa "haka Allah ya so." Mu namu shi ne mu buɗe fayil mu duba inda aka yi sake, domin Annabin da ya koya mana haƙuri shi ne ya ce a nemi magani.

Sauran a gurguje. "Da sauƙi" gaisuwa ce, ba rahoto ba, ki yaye zane ki duba da idonki. Mai cikin fari kunya za ta hana ta cewa naƙuda ta fara, fuskarta za ki karanta. Izinin miji tun ranar awo ake karɓarsa, da lambar wayarsa da ta wanda zai tsaya in yana kasuwar nesa. Mai ciwon suga da ya nace sai ya yi azumi, ki tuna masa rangwamen da ke cikin Baƙara, aya ta 184 da 185, in ya ƙi ki haɗa shi da malaminsa. Ki ajiye dutsen taimama a ɗaki. In likita namiji zai duba mace, ki ja labule ki tsaya. Wanda ya zo gargara, a bar nasa su matso su laƙƙana masa kalmar shahada. Matan zumunta daga Wusasa ko Sabon Gari in sun zo yi wa tasu addu'a ranar Lahadi, a ba su lokacinsu kamar kowa. Takardun gawa kuma kada su kwana a teburinki, mutane na can an haƙa kabari ana jira.

Takardar tuhumar tana nan a fayil ɗina. Da na je cike takardun barin aiki, wani jami'i ya ce in na rubuta layi biyu na amsa laifi za a iya cire ta. Na ce a bar ta inda take. Duk ɗalibar da aka turo ɗakina tun daga wancan lokaci, ranar farko nake kai ta baranda ta cire takalmi ta gaida masu jinya, kuma na sa ta tambayi abin da ke ƙarƙashin gado ta rubuta shi da sunansa da adadinsa. Wasunsu yanzu su ke riƙe da ɗakuna a Zariya da Kaduna, kuma ina jin labarin takardun ruwansu.