Abin da kai ɗalibai gidan tarihi na Jos ya koya min

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a nan Zariya, kuma cikin aikin nan babu abin da ya koya min darasi kamar kai yara eskoshin babban gidan tarihi. Gidan tarihi na Jos da Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, ya kafa a 1952 ba wurin da za a gama shi a wuni ɗaya ba ne, ga zauren tukwane, ga littattafan Larabci na rubutun hannu, ga kayan haƙar kuza, ga gidan zu a gefe yana jan hankalin yara, kuma kun taso daga Zariya tun asuba, direba yana so a juyo kafin dare. In ka ce sai an ga komai wallahi ƙafa kawai za a gajiyar, a dawo da hotuna cike da waya, ka tambayi yaro me ya gani ya ce maka "Malam abubuwa da yawa."

Shi ya sa tun a aji nake zaɓen abu uku, in faɗa musu labarinsu kafin a shiga mota. Ma'aunina shi ne: wane abu ne hoto ba zai wadatar ba, kuma wanne ne ya taɓa gidanmu?

Na farko kawunan Nok, wato tsofaffin kawunan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Kowa ya san hotonsu a littafi, amma sai ka tsaya gaban gilashin za ka lura idanun kusan masu kusurwa uku ne, an huda ƙwayar ido da hanci da baki, cikin kan kuma rami ne, da hannu aka ɗora yumɓun sahu-sahu kamar yadda ake ginin tukunya, ramukan su ke barin iska da tururi su fita lokacin gashi don kada ya fashe. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da irinsu a 1928 a ƙauyen Nok, nan kudancin jiharmu ta Kaduna, sannan a 1943 aka kai wa Fagg wani kai daga yankin Jama'a wanda wani ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye. Aikin sama da shekara 2000! A nan nake barinsu su daɗe, kowa ya zana kitson da ya gani a takardarsa, domin wanda ya zana abu ya kalle shi da gaske.

Na biyu shi ne ya fi taɓa ni. A sashen gine-ginen gargajiya an sake gina kwafin Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Yaranmu da yawa 'yan cikin birni ne, suna wucewa ta ƙofar fada kullum, amma da yake sabon gini ya lulluɓe tsohon, ba su taɓa ɗaga kai sun ga bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan nan, da azara yadda suka riƙe rufin ba, sai a Jos. Wata yarinya ta dafa ginshiƙin ta ce "Malam, dama da ƙasa aka yi wannan?" Na ce da tubali da azara, kuma kakanninku ne suka yi.

Na uku tsohon kan jirgin ƙasa na ƙaramin layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Jos don jigilar kuza, aka rufe shi a 1957. Minti goma ya isa.

Wani abokin aikina yana ganin ina tauye yara, tunda iyaye sun biya kuɗin mota a bar su su zagaya ko'ina. Ina girmama ra'ayinsa, kuma shi ya sa nake ware awa ɗaya a ƙarshe kowa ya bi abin da ransa ke so, amma ban yarda a fara da yawon ba, saboda idon yaro da safe yake da ƙarfi, bayan azahar yunwa ce ke magana. Kuma da isarmu nakan fara gaisawa da ma'aikatan wurin in tambaye su wane sashe ne a buɗe yau, don wani lokaci ana gyara, sannan in roƙi ɗaya daga cikinsu ya yi wa yaran bayanin Nok da bakinsa, sun fi ni sanin kayansu.