Wasiƙar da Ba Mu Buga Ba

Jiya na miƙa makullin teburina bayan shekara shida a mujallarmu. Abokan aiki sun san rabin dalilin tafiyata, sauran rabin kuma gara su ji daga bakina.

A shekarata ta uku, babbar edita ta kira ni ofishinta, ta dire mini kwalbar wani man shafawa. Kamfanin ya sayi shafi huɗu na talla, kuma yana son a yabi man a shafin kwalliya da muryar mujalla, ba tare da an rubuta "talla" a sama ba. Raina bai kwanta ba, amma na karɓa. Ban karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin ba, ban tuntuɓi likitan fata ko ɗaya ba. Na zauna na tsara shi kamar yaya tana ba ƙanwarta shawara, na sa sunana a ƙasa.

Bayan wata huɗu wasiƙa ta iso daga wata yarinya 'yar shekara 17. Ta ce ta sayi man ne saboda mu muka ce yana da kyau, kuma ba ta taɓa zaton za mu yi mata ƙarya ba. Fatar fuskarta ta yi sirara har jijiyoyi sun fito, ga ƙuraje, ta daina zuwa makaranta don kunya. Sai a lokacin na duba kwalin, na ga akwai clobetasol a ciki, maganin da likita ke rubutawa don a shafa na ɗan lokaci, wanda yake cinye kaurin fata idan aka daɗe a kansa. Minti biyar sun ishe ni in gano haka tun farko.

Na roƙi a buga wasiƙar tare da neman afuwa. Aka ce kwangilar kamfanin ba ta ƙare ba. A taron Litinin kuwa, edita ta faɗa a gaban kowa cewa marubuciya ce ta yi sakaci da bincike. Ba ta yi ƙarya ba, na yi sakaci. Sai dai laifi tudu ne, ta taka nata ta hango nawa, kuma cikin waɗanda ke zaune babu wanda ya tambayi wa ya ajiye kwalbar a gabana. Aka ɗauke ni daga shafin, aka tura ni ɗakin tsofaffin kwafi in haɗa tarihin mujallar don bugun cikarta shekara goma.

Horo aka yi nufi, amma a ɗakin nan na fahimci sana'ata. Neman abin kwatance ya kai ni ga tarihin mujallu irin tamu na Amurka. A 1944 Helen Valentine ta shawo kan Walter Annenberg, mai kamfanin buga jaridu, suka fito da mujallar Seventeen, da niyyar a yi wa 'yan mata magana a matsayin masu hankali, a haɗa musu kwalliya da batun karatu da aiki da halin da duniya ke ciki. Bugun farko, kwafi 400,000, ya ƙare ƙarƙaf. Amma a gidan nan dai Estelle Ellis ta ƙirƙiro wata yarinya ta zane mai suna Teena, don a nuna wa kamfanoni irin cinikin da ke wurin 'yan mata. Ke nan tun ranar farko makaranciya ita ce ake yi wa hidima, ita ce kuma hajar da ake kaiwa kasuwa. Valentine ba ta daɗe ba, ta saɓa da mai kamfanin ta koma mujallar Charm a 1950. Sassy, wadda Jane Pratt ta jagoranta daga 1988, ta yi wa 'yan mata magana ba kwana-kwana, aka matsa wa masu talla lamba suka janye, zuwa 1996 mujallar ta mutu. Teen Vogue ta daina fitowa a takarda a 2017, Glamour da aka fara a 1939 ta bi sahu a farkon 2019. Duk wannan bai wanke ni ba. Ya dai nuna mini cewa igiyar da ta shaƙe ni tsohuwa ce, kuma waɗanda suka fi ni sun ja da ita.

Da na dawo teburin rubutu na kafe a kan abu ɗaya: duk shafin da aka biya kuɗinsa a rubuta "talla" a kansa. Shekara biyu ina nanatawa kafin a yarda, kuma ranar da aka sanar, edita ta gabatar da shi a matsayin shawararta. Ku da kuka rage, kada ku bari a cire kalmar nan.

Sauran kaɗan ne. Umarnin da aka ba ki da baki, ki nemi a rubuta shi. Ki ajiye kwafin aikinki kafin a taɓa. Kada ki sa sunanki ƙarƙashin abin da ba ki shafa ba, ba ki bincika ba.

Yarinyar kuwa na rubuta mata amsa da hannuna a daren taron, na ba ta haƙuri, na roƙe ta ta daina shafa man ta je wurin likitan fata. Ba ta sake rubutowa ba. Wasiƙarta na cikin kayan da na kwashe jiya.