TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 17: Ba Nan Take Ba, An Danne Bodari a Ka

A makon jiya na tsaya a kan yadda na ajiye alli bayan na gama shekarun aikina na koyarwa, na koma ga abubuwa biyun da na gada, wato ɗinkin hannu a zauren gidanmu da ke cikin birnin Zariya da kuma 'yar gonar da mahaifinmu ya bar mana a hanyar Giwa. Yau zan ba da labarin ciwon ƙafar da ya same ni a farkon wannan sabuwar rayuwa, wanda ya ci mini kuɗi da barci, kuma ya kusa janyo mini wata cutar da ta fi shi muni.

Abin ya faro ne a kakar 2020, 'yan makonni bayan rasuwar Mai Martaba Sarkin Zazzau Alhaji Shehu Idris, Allah ya jiƙansa. An kawo mini masara daga gona da yamma, yaran da za su shigar da ita sun tafi makarantar Islamiyya, ni kuma na ga hadari yana haɗowa a gabas, sai na ce bari in rage musu aiki. Na sunkuya daga ƙugu ba tare da na lanƙwasa gwiwa ba, na cicciɓi bakin buhu, na murɗa jikina domin in jingine shi da bango. Nan take na ji wani abu ya tsarga mini a kwankwaso. Na yi kwana biyu ina tafiya a karkace, uwargida ta gasa mini wurin da ruwan zafi, ciwon ya lafa, ni kuma na manta da shi ɗungurungum.

Bayan kamar kwana goma sai ƙafata ta dama ta fara. Zugin yakan taso daga bayan gwiwa, ya bi ta gefen ƙwauri na waje, ya sauka kan bayan ƙafa har zuwa babban yatsa, wani lokaci kamar an ja zaren wuta, wani lokaci kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fata. Idan na zauna a tabarma na ɗora babbar riga a cinya ina aikin aska, kafin in gama zare ɗaya ƙafar ta sage. Da hunturu ya shigo na kamu da mura, sai na lura cewa duk lokacin da na yi tari ko atishawa ciwon yakan harba har tafin ƙafa, amma ban tsaya na tambayi kaina mene ne haɗin tari da gwiwa ba. Hawa babur daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada, tafiyar da ba ta taɓa zame mini komai ba, ta koma azaba.

Mu mutanen zaure ba ma rasa likitoci. Wani ya ce sanyin ƙashi ne, wani ya ce amosani ne irin na masu shekaru, wani dattijo kuma ya kira ni gefe ya ce in bincika ko na taka wani abu a gona. Kowa gwiwar yake kallo, har da ni, tunda nan ne ke kuka. Na kira wanzami ya kafa mini ƙaho a bayan gwiwa da sharaɓa, na shafe kwalabe na man zafi, na ɗaure wurin da ƙyalle har jini ya daina gudu sosai. Daga ƙarshe wani abokin ɗinki ya kai ni wani kemis inda ake ƙulla ƙwayoyi biyar ko shida a leda, abin da suke kira haɗi. Gaskiya ita ce haɗin nan ya yi aiki a ranar farko, domin na yi barcin da na daɗe ban yi ba, kuma wannan daɗin ne ya sa na riƙa aika yaro ya karɓo mini safe da yamma har kusan mako shida.

Uwargida ce ta fara cewa, "Malam, fuskarka fa ta kumbura." Na ce ƙiba ce ta hutun ritaya. Sai zafin ciki ya biyo baya, irin wanda ke tayar da mutum tsakar dare. Ana cikin haka ɗan ƙanwata, wanda ma'aikacin jinya ne da ke zaune a Samaru, ya zo gaishe ni, ya ga ledar a kan tabarma, ya zazzage ta a tafin hannunsa yana duba ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Kawu, wannan diklofenak ne, wannan kuma ibuprofen, aikinsu iri ɗaya ne, kuma haɗa su yana cin bangon ciki ya kawo gyambo, yana taɓa ƙoda, yana tayar da hawan jini. Wannan ƙaramar farar kuwa firednisolon ce, ita ta kumbura maka fuska, kuma tana tayar da suga." Ya auna jinina ya tarar ya hau. Ya kuma gargaɗe ni cewa ita wannan ƙaramar ba a yanke ta rana ɗaya bayan an daɗe ana sha, sai likita ya tsara yadda za a rage ta a hankali. Washegari ya sa ni a mota muka nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Likitan da ya duba ni matashi ne, sa'an ɗana na biyu. Na naɗe wando na miƙa masa gwiwa, shi kuwa sai ya fara da tambayoyi: ina ciwon yake farawa, ina yake tsayawa, zama ya fi tayar da shi ko tafiya, ƙafa ɗaya ce ko duka biyun, fitsari da bayan gida suna fita yadda aka saba? Ya lanƙwasa gwiwar ya miƙe ta, ya danna gefe da gefe, ya laluba bayanta, ban ji komai ba. Ya sa yatsu a bayan ƙafata yana neman bugun jini, ya gwada kaurin sharaɓata ta dama da ta hagu. Sannan ya ce in kwanta rigingine, ya kama dunduniyata ya fara ɗaga ƙafar a miƙe. Bai kai rabin hanya ba na yi salati da ƙarfi, saboda wutar nan ta taso tun daga mazaunai ta zarce har yatsa. Ya sauke ƙafar ya ce, "Baba, ka taɓa ɗaga wani abu mai nauyi kafin wannan ya fara?" A nan ne buhun masarar ya faɗo mini a rai, bayan wata biyu da rabi.

Bayanin da ya yi mini, da zane a bayan takardar magani, shi ne ya fi komai amfani a wannan tafiya. Ƙasan gadon baya ƙasusuwa biyar ne a jere, kuma tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai taushi da ke hana su gogar juna. Daga tsakanin na ƙasan waɗannan ƙasusuwa da kuma ƙashin da ke ƙasansu ne rassan jijiyar laka suke fitowa, su haɗu su zama babbar jijiya guda, wadda ta fi kowace jijiyar ji girma a jikin ɗan Adam, kaurinta ya kusa na babban yatsan hannu. Tana bi ta cikin mazaunai, ta gangara bayan cinya, ta rabu biyu daf da bayan gwiwa, reshe ɗaya ya bi sharaɓa zuwa tafin ƙafa, ɗayan ya zagaya gefen ƙwauri zuwa bayan ƙafa. Idan faifan nan ya bulluƙo ya danne tushen jijiyar a baya, mutum yakan ji ciwon a can inda jijiyar ta ƙare, ko da kuwa bayan kansa ya yi shiru. Ya ce tsakanin ƙashi na 4 da na 5, da kuma tsakanin na 5 da ƙashin da ke ƙasansa, nan ne abin ya fi faruwa, kuma hanyar da nawa ciwon yake bi zuwa babban yatsa ta nuna masa na farkon. Tari kuwa yana ƙara matsi a cikin gadon baya, shi ya sa yake harba ciwon. Sunan abin a bakinsu sayatika. Ni dai da na tuna tabon ƙahon da ke bayan gwiwata sai na ce a raina, ba nan take ba, an danne bodari a ka.

Na tambaye shi dalilin sauran gwaje-gwajen, tunda ya gano abin tun da ya ɗaga ƙafar. Ya ce ciwon da ke bin gwiwa zuwa ƙwauri ƙofofinsa da yawa, kuma wasunsu ba sa jira. Idan sharaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, musamman bayan doguwar tafiya a mota ko doguwar kwanciya, ana tsoron gudan jini ne ya toshe jijiyar jini, wanda zai iya ɓallewa ya tafi huhu, kuma irin wannan ƙafar ba a murza ta, asibiti ake kai ta a ranar. Wanda kuma sharaɓarsa ke ƙullewa idan ya yi tafiya, ta saki da zarar ya tsaya, sau da yawa hanyoyin jini ne suka tsuke, abin da ya fi samun masu shan taba da masu ciwon suga. Shi ciwon suga yana da nasa salon, domin yakan fara da raɗaɗi ko sagewa a tafin ƙafafu duka biyu, ya fi tsanani da dare. Saboda haka ya tura ni gwajin suga, aka kuma ɗauki hoton ƙashin bayana, ko da yake ya ce irin wannan hoton ƙashi kawai yake nunawa, faifai da jijiya sai babban hoton nan na maganaɗisu, wanda za a nema idan wata ɗaya da rabi ya wuce ba sauƙi ko ƙafar ta fara rasa ƙarfi.

Abu uku ya ce idan na gani kada in jira ranar da aka rubuta mini: fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba da sanina ba, tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu ba na jin taɓi, ko ƙafar ta fara ja a ƙasa ba na iya ɗaga yatsu. Ya maimaita wa ɗan ƙanwata wannan sau biyu.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne an hana ni kwanciya. Na ɗauka za a ce in yi wata guda a gado, sai aka ce doguwar kwanciya tana ƙara sandarar da baya ne, in riƙa tafiya kaɗan-kaɗan a fili mai laushi, in ƙara a hankali. Aka tsara yadda zan rabu da haɗin, aka ba ni maganin zafin ciki, aka tura ni sashen gashin ƙashi. A can wata ma'aikaciya ta koya mini motsa jiki na ƙarfafa ciki da baya, da yadda zan kwanta a gefe in sa matashi tsakanin gwiwoyi, da yadda ake ɗaukar kaya a durƙushe, kayan na manne da jiki, ba tare da murɗa ƙugu ba. Ta ce in bar zaman tabarma na sa'o'i, in nemi kujera mai majingina, in riƙa miƙewa duk bayan rabin sa'a.

A layin gashin ne na ga bambancin ciwona da amosanin gwiwa na gaskiya. Wata Hajiya daga Sabon Gari da muke yawan haɗuwa, ita gwiwarta ce ke kumbura, tana ƙara idan ta lanƙwasa, takan sandare da safe na ɗan lokaci, kuma tashi daga durƙuso ne babban tashin hankalinta, domin guringuntsin gaɓar ya cinye. Ita an ce ta ƙarfafa naman cinya ta kuma rage ƙiba, saboda kowane kilo ɗaya da mutum ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Mu biyun da za a tambaye mu a zaure, cewa za mu yi ciwon gwiwa muke yi, kuma da leda ɗaya za a sallame mu.

Wanda ya fi yi mini wuya a duk umarnin shi ne salla a kan kujera. Ruku'u da sujada suna tayar da ciwon, amma ina jin nauyin a ga na shiga masallacin unguwa da kujerar roba alhali ga waɗanda suka girme ni suna tsaye. Na yi mako guda ina cije baki, har liman ya lura da yadda nake tashi daga sujada, ya tare ni bayan isha'i ya ce, "Malam, kai da ka koyar da yara fiƙihu, ka manta da hadisin Imrana ɗan Husaini? A yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe." Ban sami abin cewa ba. Da asuba jikana ya riga ni zuwa da kujerar.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Abin da na fara lura da shi shi ne ciwon yana janyewa sama: ya bar yatsa, ya bar ƙwauri, ya tsaya a cinya, daga baya ya koma kwankwaso inda ya fito, kuma ma'aikaciyar ta ce wannan alama ce mai kyau. Kowace safiya nakan taka daga gida zuwa Ƙofar Fada in dawo, da farko ina hutawa sau uku a hanya, daga baya ba na tsayawa. Kafinta ya yi mini tebur mai tsawo na ɗora riga, abokan zaure suka yi ta tsokanata cewa na mayar da ɗinki aikin ofis. Da azumin 2021 ya kama a watan Afrilu na yi tarawihi a tsaye tun daren farko, kuma ba a kai ga babban hoton ba. Har yau dai akwai ɗan wuri a bayan babban yatsana da ba ya jin taɓi sosai, kuma idan na yi ganganci na daɗe a kan babur, kwankwason yakan tuna mini.

Masarar kuwa, tun daga lokacin na bar wa ƙanena kula da gonar da ɗaukar amfaninta, kuma daga wannan shawara ce saɓanin da ya shiga tsakaninmu ya samo asali. Shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.