Yadda nake auna karin tsohuwar waƙar Sakkwato

Kafin in ɗauki alƙalami, sai na rera waƙar da baki sau biyu ko uku, domin rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Garin da ake zama da garin tuwo duk "gari" ake rubuta su, alhali gaɓar farko a na farkon sassauƙa ce (baƙi da gajeren wasali), a na biyun mai nauyi (mai dogon wasali; haka ma gaɓar da ta ƙare da baƙi). Ajami ya fi taimako, tunda sau da yawa alif da wawu da ya suna nuna inda ake jan murya.

Daga nan nake yanka ɗango, wato layin waƙa, gaɓa-gaɓa, in haɗa gaɓoɓin rukuni-rukuni, kowane rukuni ƙafa ke nan. Ga wanda na tsara don gwaji: "Ina so / na gode / ma Sarki / gwanina". Kowace ƙafa sassauƙa ɗaya ce da masu nauyi biyu, wato ma'aunin fa'ulun sau huɗu, karin Mutaƙarab ke nan. Gaɓar ƙarshen ɗango kuwa mai nauyi nake lissafa ta ko yaya ta zo.

Inda na fi shan wahala shi ne kwafin da aka mayar Daidaitacciyar Hausa. Basakkwace ya ce "yat tahi", mai kwafi ya gyara zuwa "ya tafi". "Yat" mai nauyi ce, "ya" ɗin nan kuwa sassauƙa, sai ƙafa ta gurgunce a ɗora wa mawaƙi laifin da ba nasa ba. Shi ya sa idan ɗango ya karye nake fara mayar da shi bakin mai shi. Abin yana yi mini ciwo, don gyaran da ake zaton alheri ne shi ke ɓata aikin malaman da suka san aruli, wato ilimin auna karin waƙa, ciki da bai.

Ba na yanke hukunci da baiti ɗaya. Karin Kamil da zihafi (ɗan sauyin da aka yarda da shi a ƙafa) ya shiga, mutafa'ilun ta koma mutfa'ilun, kamarsa ɗaya da karin Rajaz. Sai na bi baitoci goma ko fiye. Da na ga sassauƙa biyu a farkon ƙafa, ko sau ɗaya ne, na san Kamil ne.

Amsa-amo ba shi da wuya, sai a tahamisi, wato waƙar da aka yi wa ƙari kowane baiti ya zama ɗango biyar. Ɗango uku na sama na mai ƙari ne, biyun ƙasa na mai asalin waƙa. Huɗun farko suna bin ƙaramin amsa-amo da ke sauyawa baiti-baiti, na biyar ke riƙe babban har ƙarshe. Biyun ƙasan nake fara aunawa, sannan in duba ko mai ƙarin ya bi sawu.