Daga Ina Kakarku Ta Zo?

Takardar da na taho da ita daga Yamai tambaya 18 ce a cikinta, amma ta 4 ce ta yi ta rufe mini ƙofofi. Da Faransanci na rubuta ta, na mayar da ita Hausa a cikin mota tsakanin Dogon Dutse da Ƙonni, ta fito haka: "A zuriyarku akwai wanda aka taɓa bautarwa?" A ajin tarihi na Jami'ar Abdou Moumouni, inda nake shirya kundin kammala mastar, tambayar ba ta da aibi. A zauren wani dattijo kuwa, cikin tsofaffin unguwannin Maraɗi, da na karanta ta sai ya dubi wayar da na ajiye a kan tabarma, ya dubi ƙanena da ya rako ni, sannan ya ce, "Ɗiyar wa ce ke?" Na faɗi sunan mahaifina. Ya ce, "To, ki gaishe shi." Hirar ke nan.

Abin da nake nema shi ne yadda mutanen garinmu suke tuna zamanin bauta, musamman abin da ya sami mata. Ba batu ne na nesa ba. Maraɗi garin yaƙi ne tun kafuwarsa. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna a nan wajen 1819, daga nan aka shiga shekaru masu yawa na kai hari da ramuwa tsakanin Maraɗi da Tsibiri a gefe guda, da ƙasashen daular Sakkwato a ɗaya gefen. Kowa ya san kirarin Ɗan Baskore, sarkin Maraɗi, da irin nisan da dawakinsa suka kai. Abin da kirari ba ya faɗa shi ne mutanen da aka koro a gaban dawakin nan in an dawo, kuma yawancin waɗanda ake riƙewa a gida mata ne da yara. Faransa ta fitar da dokar hana cinikin mutane a yankunanta na Afirka ta Yamma a 1905. Dokar ta hana ciniki, ba ta mayar da kowa garinsu ba.

Mako biyu ina yawo, ba ni da komai a wayata sai gaisuwa da tarihin sarauta. Goggona ce ta gaji da ganina ina dawowa fuska a murtuke. Ta karɓi takardar, na karanta mata, ta ce, "Ke yanzu da wannan kike shiga gidajen mutane? Ai ba a tambayar mutum asalinsa sai in aure ake nema a gidansu." Maganar ta tsaya mini. Ashe duk wanda na yi wa tambaya ta 4, abin da yake ji shi ne binciken asali, irin wanda dangin miji ke yi a ɓoye kafin a kai kuɗin gaisuwa. Ni na ɗauka tarihi nake tambaya. Su kuwa auren 'ya'yansu da jikokinsu suke ji ana taɓawa.

Goggo ta ce in bar takardar a gida in biyo ta. Muka fara shiga gidajen da ake ɓarar gujiya da la'asar sakaliya, in zauna in sa hannu, in yi shiru. Tambayar da ta koya mini guda ce, kuma ba a yin ta sai hira ta yi nisa: "Inna, daga ina kakarku ta zo?" Wadda ba ta so, sai ta ambaci wani gari ta wuce, ba wanda ya ji kunya. Wadda take so, ita za ta buɗe da kanta. A nan na fara jin kalmomin da na sani a littafi suna fitowa daga bakin masu su: kuyanga, ƙwarƙwara, sa-ɗaka, fansa, murgu (kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don a bar shi ya yi aikin kansa). Na kuma lura da abin da kullum yake bakina ban taɓa tsayawa a kansa ba, wato a Hausarmu ta nan kalmar "ɗiya" ita ce yarinyar da ka haifa, ita ce kuma macen da ba baiwa ba.

Akwai wata tsohuwa da na fi zama da ita. Ba zan faɗi unguwarta ba, kuma abin da zan kawo a nan shi ne iyakar abin da ta yarda in faɗa. Kakarta an ɗauke ta ne tana yarinya a bakin rijiya, can kudu, aka kawo ta gidan wani mai hali, daga baya ya sa ta ɗaka. Zanen fuskarta daban yake da na duk mutanen gidan, don haka ko ba ta yi magana ba fuskarta ta faɗi. Ba ta taɓa zama ta ba da labarin garinsu ba. Sai dai in tana niƙa akwai wata waƙa da take yi ƙasa-ƙasa, sunan garin yana ciki, jikar tana gefe tana tara gari a ƙwarya, a haka ta riƙe sunan. Da aka ce Nasara sun hana bauta, kakar ba ta motsa ba. "Ta tahi ina, ɗiyata?" in ji tsohuwar. "Ta bar ɗiyanta ta tahi wurin wa?" A shari'a 'ya'yan da ta haifa wa maigidan 'ya'ya ne, suna da gado kamar kowa. Amma ranar da faɗa ya haɗa su da 'yan uba, gorin da ake fara yi musu ke nan. Wannan kakar ce ta goya tsohuwar a ambaliyar 1945, lokacin da gulbi ya cinye tsohon gari aka hauro tudu. Tana faɗa tana shafa ƙafarta, wai har yau tana jin sanyin ruwan da ya taɓa ta a bayan kakar.

Na nemi izininta in sa labarin a kundina, ta ce in sa, in dai ba da sunanta ba. Na yi alkawari.

Malamin da ke duba aikina yana yawan cewa binciken da ya tsaya a kabad ɗin jami'a bai gama aikinsa ba, ni ma haka na gani. Saboda haka kafin in koma Yamai na shirya zaman tattaunawa a ɗakin taron wata makaranta, ranar wata Asabar. Malaman makaranta sun zo, da ɗalibai daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da limamai biyu, da dattawa. Mata suka zauna a layukan baya.

Na fara da zaluncin Turawa, sai ɗaki ya ɗauka. Ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine na 1899 ba baƙon labari ba ne a ƙasar nan: turjiyar Sarauniya Mangu a Lugu, kisan Birnin Ƙonni, garuruwan da aka ƙona a hanyar Tasawa, har zuwa watan Yuli da sojojinsu suka juya musu suka kashe su, ga kaburburansu can a Maijirgi. Kowa yana da abin cewa. Wani dattijo ya ba da labarin aikin dole da aka kwashi mahaifinsa, aikin da ba a soke ba sai 1946. Wani ɗalibi ya yi magana mai kyau a kan yadda aka ɗauki baƙar fata kamar ba ran mutum ne a jikinta ba. Duk gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗa da ƙarfi.

Sai na juya ga namu. Na kawo shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a kan sefa jika 240, wato dubu 240, aka mai da ita wahaya, wato macen da ake ajiyewa bayan mata huɗu ba sadaki ba haƙƙin aure. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, da aka kafa a 1991, tana cikin waɗanda suka tsaya mata, har kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa Nijar ta gaza kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Wannan kuwa bayan dokar 2003 da ta sa ɗaurin shekara 10 zuwa 30 a kan bautar da mutum. Na karanta musu kuma fatawar da malamin nan Ahmad Baba na Tambutu ya bayar a 1615, cewa launin fata ba hujjar bautar da kowa ba ne, har ya ambaci mutanen Katsina da Kano da Barno cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Ɗaya daga cikin limaman ya gyaɗa kai. Amma ɗakin ya yi sanyi. Wani ya ce wannan al'adar Adar ce, can yankin Tawa. Wani ya ce abin Buzaye ne, mu nan an daɗe da wuce wurin. Layukan baya ba wadda ta ce uffan.

Raina ya ɓaci, kuma ɓacin ran ne ya kai ni ga kuskure. Don in nuna musu cewa abin yana cikin gidajenmu, sai na buɗe littafina na karanta labarin tsohuwar. Na sauya sunanta kamar yadda na yi alkawari. Amma na bar sana'ar gidansu, na bar inda suka zauna bayan ambaliya. Ina cikin karatu na ga wani mutum ya juya ya dubi na kusa da shi. A Yamai waɗannan abubuwa biyu ba sa nuna kowa. A Maraɗi sun fi suna.

Bayan kwana uku tsohuwar ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a bakin gado, ba ta yi mini tayin tabarma ba sai da na gama gaisuwa. Jikarta an sa mata rana, kuma maganar ta riga ta kai gidan mijin, wata gwaggonsa ta fara cewa a dakata a ƙara bincike. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na ba ki labari ki kai Yamai. Ban ba ki ki kawo mini shi bakin ƙofa ba." Na ce, "Kaka, ki yafe mini." Ta ce ta yafe, amma yafiya ba ta ɗaura aure.

An ɗaga bikin wata biyu. Sai da wani kawun angon, mutum mai ilimi, ya tsaya ya ce shi bai san inda addini ya hana wannan aure ba, sannan aka ɗaura bayan Sallah. Yarinyar ba ta san ni ba, ba ta taɓa yin hira da ni ba, ita ce ta kwana cikin zullumi wata biyu saboda ina son in ci gardama a taro.

Tun daga nan na sauya yadda nake aiki. Izinin da aka ba ni in rubuta daban yake da izinin karantawa a gaban mutanen gari, don haka kowanne sai na nema a lokacinsa. Ɓoye suna kaɗai ba ya isa a garin da ake gane gida ta sana'arsa, ta zanen fuska, ta wanda ya auri wa. Yawancin matan da na yi hira da su ba sa karatun boko, saboda haka sa hannu a takardar yarda ba ya nufin sun san abin da na rubuta. Yanzu komawa nake in karanta wa kowace nata da Hausa, layi-layi, abin da ta ce a cire in soke shi a gabanta. Wannan ya ci mini wata guda da ban sa a lissafi ba, ya kuma rage kundin da shafuka masu daɗin karatu. Na shirya wa mata zamansu daban, a tsakar gidan Goggo, ba lasifika ba waya. Mu 9 ne. A nan ne na ji abin da ɗakin taro bai ji ba: auren da aka fasa ba a faɗi dalili ba, gorin kishiya, da uwar da ta ɓoye wa 'ya'yanta asalin kakarsu har ta rasu don kada a yi musu abin da aka yi mata.

Wasu abokan karatuna sun ce abin da ya faru ya nuna gara a bar maganar a binne. Ban yarda ba. Shirun nan shi ya ba gwaggon angon ƙarfin cewa a dakata, ba tare da kowa ya tambaye ta hujja ba. Abin da na gane shi ne na ɗora nauyin buɗe maganar a kan wadda za ta yi asara, alhali akwai waɗanda ba abin da zai same su in sun fara. Wata biyar ina tambayar gidajen mutane, ban tambayi namu ba.

Da daddare na sami mahaifina bayan isha'i, na ce, "Baba, gidanmu an taɓa mallakar bayi?" Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce kakansa yana da su, kuma tsohuwar da muke kira Iya muna yara, wadda take zuwa kowace Sallah a ba ta hatsi da turmin zane, mahaifiyarta a gidanmu ta yi bauta. Na san Iya, na sha zama a cinyarta. Ban taɓa tambayar me ya sa take cire takalmi tun daga zaure, alhali ta girmi duk wanda ke cikin gidan ba. Na nemi izininsa in faɗi wannan a bainar jama'a, ba tare da abin da zai nuna zuriyarta ba. Ya ce in ba shi kwana biyu. A na uku ya ce in faɗa.

Da shi na buɗe zama na biyu, wanda bai kai na farko cika ba. Ban karanta labarin kowa ba sai na gidanmu. Bayan na zauna an ɗan yi shiru, sai wani malamin makaranta mai furfura ya miƙe ya ce su ma haka ne, har gonar da bayin kakansa suka noma tana hannunsu. Daga layin baya wata mata ta tambayi liman, da muryar da kowa ya ji, ko binciken asali irin wanda ake yi yana da tushe a shari'a. Aka shafe kusan awa guda a kan tambayarta.

Kafin in miƙa kundin na koma wurin tsohuwar da shafukanta. Wannan karon ta sa an shimfiɗa mini tabarma. Na karanta, ta sa na cire layi biyu, ta gyara mini wuri guda inda na ce kakarta "ta haƙura", ta ce ba haƙura ta yi ba, zama ta yi. Da na tashi tafiya ta ce in yago takarda daga littafina. Ta faɗi sunan garin da ke cikin waƙar niƙan, ta ce in rubuta da manyan baƙaƙe. "Wannan ba na Yamai ba ne," in ji ta. Ta ninke takardar sau huɗu, ta ƙulle a bakin zanenta, ta ce in jikarta ta zo wankan gida za ta ba ta.