Godiya bayan baftismar ƙanwata

Salama a gare ku 'yan'uwa da abokan arziki.

Ranar Lahadin da ta wuce aka yi wa ƙanwata baftisma a rafin da ke bayan ƙauyenmu, nan ƙasar Sumaila, ta kuma ci jibin Ubangiji karo na farko. Mace ce mai 'ya'ya uku, don haka wanda bai san mu ba zai ce me ya tsayar da ita har yanzu. Sanƙarau ne. Annobar 1996 da ta ci rayuka da yawa a Kano ta kwantar da ita tana 'yar shekara huɗu. Ta tashi da ranta, amma kunne ya tafi, 'yar maganar da ta iya ma ta bi shi a hankali. Tun daga nan ba Lahadin da Inna ba ta kai ta sujada ba. Tana bencin baya, in an miƙe ta miƙe, in an zauna ta zauna. Ajin baftisma kuwa tambaya da amsa ne, ga shi babu mai iya tambayarta. Ni da muka sha nono ɗaya, abin da na iya da hannu bai wuce "zo", "ci abinci" da "tafi gona" ba. Wannan laifina ne, kuma na roƙe ta gafara.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga Baba Fasto take. Shi ne ya tsaya gaban dattawan ikilisiya bara ya ce a ƙirga masa kuramen da ke ƙauyukanmu. Aka ƙirga bakwai. Ya ce a cikinsu wa ya taɓa jin wa'azi? Kowa ya sunkuyar da kai. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Sai Malama mai fassara, wadda take baro birnin Kano duk Asabar, ta shiga mota, ta ƙarasa a kan babur, har cikin damina. Ranar farko ta yi ta alamu, ƙanwata tana kallonta kawai. Ashe alamun da ake koyarwa a makarantun kurame asalinsu na Amurka ne, waɗanda suka shigo ƙasar nan ta hannun Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan mishan da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Ita kuwa ƙanwata ba ta taɓa shiga aji ba, maganar hannu irin tamu ta Hausa take yi. Malama ba ta ce lallai sai a bi nata ba. Ta shimfiɗa tabarma ta zama ɗaliba, wani saurayi kurma da ya yi karatu a makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki a Kano yana haɗa su, don shi ya iya duka biyun. Malama, ba mu da abin biyanki.

Maganar hannun ma a ina ta same ta? A wajen maƙwabcinmu tela, kurma, Musulmi, shi da maiɗakinsa. Su suka ja ta a jiki tun tana yarinya. Ranar baftisma sun zo sun tsaya a bakin rafi har aka tashi. Allah ya bar zumunci.

Batun waƙa ne ya fi ba ni mamaki, don ni a da ina ganin ba ruwan kurma da waƙa. Iyayenmu na Zumuntar Mata suka nuna mini ba haka ba ne. Suka matso da tulun kiɗa da babbar ganga kusa da bencin gaba, inda kurame suke zama yanzu. Ƙanwata takan cire takalmi, ta dafa gangar da tafin hannu, bugun ya shiga jikinta, sai ka ga kafaɗarta ta kama rawa daidai da ta kowa. Rera waƙa da hannu ba bin kalma ɗaya-ɗaya ba ne, ma'anar baitin ake ɗauka a zana ta da hannu da fuska, shi ya sa sai an ɗan rage saurin kiɗa. Matasan kwaya sun yi gunaguni da fari, sun ce waƙar ta yi sanyi. Yau su ne kan gaba wajen koyo, kuma waƙa biyu suka rera ranar da baki da hannu tare. Na gode muku, ƙannena. Na gode wa dattijon da ya lura hasken taga yana bayan Malama, yana hana a ga hannunta, ya sa aka sauya mata wurin tsayawa. Na gode wa dattawa da suka yarda kurma ya yi addu'a ido a buɗe, tunda da ido yake ji.

A cikin ruwa Baba Fasto ya yi tambaya, Malama ta mayar da hannu. Ƙanwata ta taɓa tsakiyar tafin hannunta na hagu da yatsa, ta taɓa na dama, wurin ƙusoshi ke nan, alamar sunan Yesu, sannan ta dafa ƙirjinta. Inna ta fashe da kuka. Shekara kusan talatin tana jiran ta san abin da ke zuciyar 'yarta.

Waɗanda suka kawo shinkafa da itace da kaji, da matan da suka kwana a bakin murhu, Ubangiji ya mayar muku da ninki.

Roƙona ɗaya, a daina ce mata "bebiya", tana da suna. Ajin maganar hannu yana nan duk Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, a gindin darbejiyar majami'a, kuma ni ma ɗalibi ne a ciki. Muna kuma neman fitilar sola mai haske sosai kafin sujadar daren Kirsimeti, saboda a ga hannun Malama.